Na'urar da Ta Karɓa Mini 'Ya'ya Goma Sha Huɗu

Estancia, Iloilo
6 ga Yuni

Zuwa ga matata Meding,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da 'yarmu Jinky da mijinta, da ɗan jinjirin da ya ƙwace mini mata ya kai ta Kanada. Yaya gwiwar taki? Kina shafa man da na sa miki a jaka, ko kin ɓoye shi don kada warinsa ya ba ki kunya gaban surukinki? Ni lafiyata ƙalau. Gareji na tafiya, kajinki ba wadda ta mutu, ni ne dai na rame saboda girkin kaina.

Kada ki yi mamakin ganin rubutun biro. Da hannuna na rubuta, na ɗauki hoton takardar na turo miki, kuma daga yau haka za ki riƙa ji daga gare ni. Ina so in kin ga mummunan rubutun nan da Malama Tupas ta kasa gyarawa tun muna sakandare, ki tabbata mijinki ne ke magana. Dalili kuwa, na gano akwai wani Terio a duniya, wato wani ni na biyu. Ya fi ni ladabi, ya fi ni saurin amsa, kuma yana ɗaukar alkawari da sunana.

Kin san shafina, inda masunta ke biyan kuɗin wata su kalli bidiyona ina kwance injin kwale-kwale, su kuma turo mini tambaya kai tsaye. Kin tuna yadda saƙonni suka yi yawa har kika ce na auri waya. To, bayan tafiyarki, Charmaine, wadda kamfaninsu ke kula da shafin, ta ce za su ɗora na'ura mai amsa saƙo. Suka ba ta duk abin da na taɓa rubuta wa mutane ta haddace, har barkwancina. Ni abin da na yarda da shi, ta amsa masu tambayar wane baƙin mai, wane fulogi. Shi ke nan.

Ranar Talata ina wanke kafireta a rumfa, sai ga wani siririn mutum wanda rana ta ƙona, da buhun busasshen kifi a kafaɗa. Ya dire shi a gabana ya ce, "Ga rabonka na biki, Pare. Ba a yi bikin ba, amma kifi ba ya jira."

Meding, ke kin san ba a kiran mutum Pare sai ɗayanku ya tsaya wa ɗan ɗaya ranar baftisma a coci. Na dube shi sama da ƙasa, ban taɓa ganinsa ba. Sunansa Dioscoro Balasabas, ana kiransa Koring, daga wani ƙaramin tsibiri can bayan tsibiran Gigantes. Ya ciro wayarsa mai fasasshen gilashi ya miƙo mini. Matarsa Nening ta haifi mace, ya rubuto ta shafin yana roƙon in zama maninoy, uban baftismar yarinya. Ga kuma amsa da sunana da hotona: "Da farin ciki, Pare! Ka sa a dafa shinkafa da yawa, ka san cikina tankin jirgin ruwa ne."

Maganata ce sak. Haka na faɗa wa abokina Nanding lokacin baftismar ɗansa.

Fada, limamin coci, sau ɗaya yake zuwa tsibirinsu a wata. Koring ya gaya wa kowa cewa Nong Terio na waya, wato Yaya Terio, zai zo. Suka yanka akuya, yara suka cika bakin ruwa suna leƙen kowane kwale-kwale. Da Fada ya gaji ya ce a tsayar da wani a madadina, sai Koring ya karɓi 'yarsa ya kai ta gida ba baftisma. Yanzu surukarsa ba ta yi masa magana, mutanen tsibiri kuma in ya wuce sai su kara hannu a kunne su ce, "Alo, Pare, ka iso?"

Na buɗe baki zan ce ba ni ba ne. Sai na sake duban wayar, na ga sunan da ubana ya raɗa mini a saman saƙon. Na rufe bakina. Na ce, "Yaushe Fada zai dawo?" Ya ce Lahadi ta ƙarshe a wata. Na ce, "Ka zo da kwale-kwalenka ka ɗauke ni." Bai yi godiya ba, ban kuma ga laifinsa ba.

Washegari na rufe gareji na hau bas zuwa birni. Charmaine ta karɓe ni da kofi a ofishinsu mai sanyi, ta duba kwamfuta, sai na ga ta sa hannu a baki. Ba Koring kaɗai ba ne. Yara goma sha huɗu na'urar ta karɓa mini. Sauran dai ranarsu ba ta zo ba tukuna.

Ta ce, "Tito," wato kawu, "a gaskiya na'urar ba kuskure ta yi ba. Ta bi duk saƙonninka, ba ta ga inda ka taɓa ƙin zama maninoy ba ko sau ɗaya." Na ce wane mutumin kirki ne ke ƙi? A miƙo maka jariri ka ce a'a, ka ja wa yaro rashin sa'a tun bai yi haƙori ba? Ta ce, "To ka gani, kai ta kwaikwaya." Na ce mata bakina ta kwaikwaya, ta manta ƙafata.

Kada ki gaya wa Jinky tukuna. Ki sumbaci jinjiri a madadina. Wannan madadin na yarda da shi.

Naki har kullum,
Terio

Estancia
15 ga Yuni

Meding tawa,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji daɗi da kika ce gwiwar ta yi sauƙi, ban kuma ji daɗi ba da kika gaya wa Jinky cikin awa guda. Na ga doguwar maganarki, na ga tata. Kin ce taurin kai ne. Ita ta ce ai duk masu shafi haka suke yi yanzu, wasu ma ba su taɓa karanta saƙo ɗaya na masu biyansu ba, ma'aikata ne ko na'ura ke hira a madadinsu, kuma ba wanda ya mutu. Ki gaya mata na ji. Ki kuma tuna mata cewa uban da take koya wa zaman duniya, da sifana ɗaya ta aro ya fara a bakin kasuwar kifi, da ita ya kai ta makarantar koyon jinya.

Ga maganin da Charmaine ta kawo. Na'urar za ta rubuta wa kowane gida ban haƙuri. Sannan za a haɗa bidiyo, fuskata da muryata, ina kiran sunan kowane yaro ina sa masa albarka, ba tare da na buɗe baki ba. A aika musu da kyautar ɗan tawul, su tsayar da wani a coci. Har ta nuna mini gwaji. Meding, na ga kaina ina murmushi irin wanda ban taɓa yi ba, haƙorina da ya karye ma sun gyara shi. Na ce ta kashe abin nan kafin in fasa mata kwamfuta.

Ban ce yarinyar muguwa ce ba. Ta yi mini magana ta hankali. Ta ce kafin na'ura mutane kan yi mako uku suna jiran amsata, wasu su gaji su daina biya. Ta ce wanda injinsa ya mutu a ruwa ba hira yake so ba, amsa yake so. Gaskiya ne. Amma na ce mata wanda ya biya don ya yi magana da Terio, to ko ya samu Terio, ko a gaya masa baro-baro cewa inji ne ke amsa masa. Ta ce in aka rubuta haka a saman shafi rabin mutane za su gudu. Na ce to ashe kin san abin da kuke sayarwa.

Na sa an kashe na'urar. Charmaine ta ba ni zuwa ƙarshen wata in sake tunani, don yarjejeniyar da na sa wa hannu ta ce su ke tafiyar da saƙonni. In na ƙi, shafi ya rufe, da bidiyon da masu biyan duka. Na san abin da za ki ce: shafin ne ya ɗora mana bene, shi ya biya kuɗin jirginki. Ban manta ba. Ni na ɗauki bulon.

Yanzu ni ke amsawa da yatsun nan nawa masu baƙin mai, kuma bari in faɗa miki abin da ya fi ɓata mini rai. Wani daga Masbate ya rubuto ya ce, "Nong, lafiya kuwa? Da kana amsa mini nan take har da tambayar lafiyar uwata, yanzu sai bayan kwana uku, kuma ka ce mini jaki." To ai jakin ne, Meding, ya zuba man girki a inji. Wani ma cewa ya yi a dawo masa da tsohon Terio, wannan sabon ba shi da tarbiyya. Na karanta wa Nanding, ya yi dariya har ya ƙware da kofi. Ya ce, "Pare, ka bar na'urar ta tafi Kanada ma, wataƙila Meding ta ji 'ina son ki' karon farko." Na kore shi daga rumfata. Ya dawo da yamma da ayaba soyayya.

Na riga na tsaya wa yara uku. Ɗaya a garin Sara, biyu a Roxas rana guda, na fita daga wannan coci da gudu na hau keke mai ƙafa uku zuwa wancan. Na ciro farar rigar barong ɗin aurenmu, maɓallin ciki ya ƙi shiga, na rufe wurin da kyandir. Ban gaya wa kowa labarin na'ura ba. Sun gayyaci mutum, mutum ya zo.

Ki daina damuwa da cin abincina. Maninoy ba ya kwana da yunwa.

Mijinki mai taurin kai,
Terio

Estancia
27 ga Yuni

Meding,

Ina gaishe ki, ina gaida yara. Wannan gajeriya ce don Koring zai iso gobe da safe.

Charmaine ta zo da kanta har gareji jiya, da takalmi mai tsini a cikin laka. Wani kamfanin baƙin mai na son in fito kai tsaye a shafin daga birni, ranar Lahadin nan, sun riga sun kama wuri sun buga hotona. Ta ce in na zo, na kuma yarda a kunna na'ura, manyanta za su manta da komai. In ban zo ba, ita ma ba abin da za ta iya yi mini. Ta ce, "Tito, jaririyar nan ba za ta ma san ka je ba." Na ce ubanta zai sani, kuma shi ne ake yi wa "Alo, Pare" a bakin ruwa.

Na ba ta busasshen kifi daga buhun Koring. Ta karɓa da yatsu biyu, amma ta karɓa.

Na san kin yi kuka da kika kira Jinky ta yi mini magana. Ki yi haƙuri. Ba na so ki dawo ki tarar da bene da miji wanda in ya ce "zan zo" sai an tambaya wanne daga cikinsu ya faɗa. Iskar damina ta fara, teku na ɗan motsi, amma kin san na sha ganin wadda ta fi haka. Ki kunna mini kyandir a cocinku in akwai mai araha.

Naki,
Terio

Estancia
2 ga Yuli

Zuwa ga Meding, uwar 'ya'yana,

Bayan gaisuwa da begenki mai yawa, ina fata kina lafiya, jinjiri kuma ya bar ku kuna barci. Na dawo lafiya, ki kwantar da hankali. Fuskata ta ƙone, barong ta lalace, sauran labari ga shi.

Koring ya zo da sassafe ranar Asabar kamar yadda ya ce. Kwale-kwalensa ƙarami ne, injin tsoho, amma tun daga ƙararsa na san ana kula da shi. Muka kama hanya. Sai da muka bar ganin Estancia, igiyar ruwa na jiƙa mu, ya ɗaga murya ya ce, "Pare, ka san dalilin da ya sa na zaɓe ka?" Na ce saboda kyawuna. Bai yi dariya ba.

Ya ce a watan Afrilu, Nening na da tsohon ciki, injin nan ya mutu masa da rana tsaka, shi kaɗai, ruwa na jan shi zuwa inda ba tsibiri. Wayarsa na kamawa tana saki. Ya turo saƙo ta shafin ba don yana sa rai ba. Nan take amsa ta zo. Aka ce ya cire tiyon mai ya hura, aka ce ya kwance ƙasan kafireta ya zubar da ruwan da ya shiga, aka ce ya goge fulogi da gefen rigarsa. Duk abin da ya tambaya, amsa na biye. Da ya fara garaje, sai aka ce masa, "Kwantar da hankalinka, inji ba ya son mai gaggawa." Injin ya tashi. Ya ce, "Ba don kai ba, da yarinyar nan marainiya aka haife ta."

Meding, ban taɓa ganin saƙon nan ba. A Afrilu na'ura ce ke amsawa.

Na zauna ina riƙe da gorar gefen kwale-kwale, ruwa na zuba mini a wuya. Zan iya yin shiru. Ba wanda zai sani, kuma koyarwar tawa ce, kalma da kalma. Amma zan tsaya gaban Fada in riƙe wa 'yar mutumin nan kyandir, ba zan riƙe shi da ƙarya a baki ba. Na ce ya rage inji ina da magana. Na gaya masa komai: ba ni na amsa masa a teku ba, ba ni na karɓi 'yarsa ba, ban san da shi a duniya ba sai ranar da ya dire mini kifi. Na ce in yana so ya juya ya mai da ni, ya nemi wanda ya cancanta.

Ya kashe injin gaba ɗaya. Kwale-kwale na ta lilo da mu. Na fara tunanin ko zan iya iyo zuwa Gigantes da wannan tumbin. Can ya ce, "Wato wanda ya ce zai zo, ba kai ba ne." Na ce ba ni ba ne. Ya ce, "Shi ya yi alkawari bai zo ba. Kai ba ka yi ba, ga ka kana jiƙa a kwale-kwalena." Ya ja igiya, inji ya tashi bugu ɗaya. Sai ya ƙara da cewa, "Dama na yi mamaki. A bidiyo kullum kana zagin mutane, a saƙo kuma sai 'don Allah' da 'na gode'. Na ɗauka ciwo ne ya kama ka."

Da muka doshi tsibirin, Koring ya miƙe tsaye a kan kwale-kwale, ya kara hannu a kunne, ya kwarma ihu, "Alo! Alo! Ya iso!" Na so ki ga fuskokin masu tsokanar nan. Surukarsa, wata 'yar tsohuwa mai sigari a baki, ta zo ta mintsine ni a hannu da ƙarfi. Ta ce tana so ta tabbata ba hoto ba ne.

Ranar Lahadi, daidai lokacin da ya kamata in kasance a birni ina ɗaga galan ɗin baƙin mai ina murmushi, ina tsaye a ɗan cocinsu mai rufin kwano. Sunan yarinyar Marisol. Fada ya zuba mata ruwa ta tsala ihu kamar injin da ba salansa, na ce wannan 'yata ce. Da aka miƙo mini ita bayan an gama, ta yi mini fitsari tun daga ƙirji har ciki. Tsohuwar ta ce alamar arziki ce. Akuya ta biyu suka yanka, kuma na nuna musu maganar tankin jirgin ruwa gaskiya ce, ko wa ya rubuta ta.

Na dawo na tarar shafi ya rufe. Charmaine ta turo saƙo, kuma na san ita ce da kanta don ta yi kuskuren rubutu har biyu. Ta ce ta yi iya ƙoƙarinta, kuma ta sa an goge muryata da fuskata daga na'urarsu kamar yadda na nema. Ta tambaya ko yarinyar ta yi kuka. Na amsa mata.

Ba zan ce miki ban ji zafi ba. Shekarun da na yi ina ɗaukar bidiyon nan, kina riƙe mini waya kina cewa in daina zagi, duk sun tafi. Kuma ba zan ce na'urar ba ta iya aiki ba, tunda ta dawo da mutum gida wurin matarsa. Duk ranar da aka samu wadda za ta ce, "Ni inji ce, Terio ya koya mini," zan ɗauke ta aiki da hannu biyu. Wadda za ta ce ita ce ni kuwa, ta nemi wani ubangidan.

Na sa Nanding ya rubuta lambar wayata da jan fenti a bangon gareji, manya-manya, har daga bakin ruwa ana gani. Ya ƙara a ƙasa, "Yana jinkiri, yana zagi, amma shi ne." Na ce ya goge, ya ƙi. Na bar shi. Koring ya ce zai raba lambar a tsibirai, mutumin Masbate mai man girki ma ya riga ya kira.

Saura yara goma. Na gaba a Sicogon ne, sai wani can Bantayan. Ki sayo mini barong mai faɗin ciki in ana samu a wurinku, in babu ki taho da maɓalli. Kuma ki fara tara ƙananan riguna da alewa tun yanzu, don in Kirsimeti ta zo duk za su biyo maninoy ɗinsu gida su sumbaci hannu, kin kuwa san ba a sallamar ɗan baftisma hannu wofi. Ba ki nema ba, amma kin zama uwar goma sha huɗu. Ki yi faɗan yanzu ki gama kafin ki sauka daga jirgi.

Ki gaida Jinky da mijinta. Ki ce wa jikana kakansa ba shi da shafi, amma yana da gareji. Ki dawo da wuri, Meding. Ina son ki. Nanding ya ce ban iya faɗa ba, to ga shi da biro, ki duba rubutun ki gani ko na wani ne.

Mijinki,
Eleuterio Magbanua
Makanikin injin ruwa, Estancia